Sai Mafici Ya Yi Ciki Kafin Ya Haihu

Kano, daren Laraba.

Aminiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya sanyin Agadas? Mu nan hunturu ya fara leƙowa, da asuba sai mutum ya yi shawara da kansa kafin ya taɓa ruwan alwala. Yaya jikin 'yar tawa? Allah Ya sauke ta lafiya. Na lura riga kike saƙawa, wato kin riga kin yanke cewa kishiya za a haifo miki. Idan ango ne ya zo fa? To, ki dai haɗa da hula, ita ba ruwanta da mace ko namiji.

Hotunan rigunan jariri biyu da kika saƙa da kwarashi sun shigo, tare da tambayarki kan yadda ake ƙara wa saƙar faɗi. Ki yafe mini, na yi dariya har Auta ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Rigar farko ta sauko santal kamar buhun gero. Ta biyun kuma bakinta ya yi tattara kamar ganyen latas. Kada ki ji haushi, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Rigar da na saƙa wa babbar 'yata lokacin goyonta sau uku ina warware ta. Na zaɓi in rubuto a takarda ne saboda saƙon murya ɓacewa yake yi cikin tarin na 'yan biki, ita kuwa takarda sai ki shimfiɗa ta a cinya kina saƙa kina dubawa.

Mu fara daidaita baki a kan sunaye, tun da kin ce bidiyon YouTube sun rikita ki. Gajere shi ne wanda kike soka kwarashi ki jawo zare, ki sake naɗowa, ki fitar ta cikin zaren biyu da ke kan kwarashin gaba ɗaya. Dogo kuwa sai kin naɗa zare sau ɗaya kafin ki soka, ki jawo, sannan ki fitar bibbiyu har sau biyu. Dogon nan namu shi Ba'amurkiya take kira dabul, Baturiyar Ingila ta ce masa tirebul, dabul ɗin 'yar Ingila kuma gajerenmu ne. Masu Faransanci na wajenku bride suke cewa. Don haka ki daina sauraron bakinsu, hannunsu za ki kalla, ki ƙirga sau nawa aka naɗa zare. Shi kuwa dogo biyar da ake cusawa cikin ido ɗaya, wato ɗan ramin da ake soka kwarashi, su buɗe, Turawa da sunan ɓawon halittar teku suke kiransa. Mu da teku ta yi wa nisa, kin tuna tun a ajin koyon sana'a mafici muka sa masa, kuma ni har gobe sunanmu ya fi dacewa.

Ga abin da ya sa ta farko ta zama buhu. Ki ƙirga abin da mafici ɗaya yake ci a layin ƙasa: kin tsallake ido biyu, kin zuba dogo biyar a na uku, kin tsallake biyu, kin ɗaure da gajere a na shida. Ido shida ke nan. Ki ƙirga kuma abin da ya bari a sama: dogo biyar da gajere ɗaya, shida. Abin da ya ci shi yake mayarwa, ba riba ba faɗuwa. A zagaye na gaba kowane sabon mafici yana zama a kan gajere, kowane gajere yana zama a tsakiyar kan mafici. Ko zagaye ɗari za ki yi a haka, faɗin ba zai motsa ba. Da ido 72 kika bar ƙirjin rigar, mafici 12 ke nan, kuma 12 ɗin nan ne suka raka ki har ƙasa.

A ta biyu, da na buɗe hoton na ƙirga, sai na ga kin ɗora sabon mafici a kan kowane tsoho, ban da wanda ke kan kowane gajere. Daga 12 kin tashi 24 a zagaye ɗaya. Ina za su zauna? Dole su hau kan juna.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, mafici ba a yi masa ƙari bagatatan. Saƙar dogo zalla ce ake zuba biyu a ido ɗaya a wuce. Shi wannan sai an shirya masa wuri tun a zagayen da ya gabata. Sai ya yi ciki, sannan ya haihu.

Ga yadda ake yi, ki bi ni a hankali. A zagayen farko, idan kin zo wurin da kike son ƙari, maimakon dogo biyar ki zuba tara cikin idon nan ɗaya. Mai ciki ke nan. Ki ɗaura masa ɗan guntun zare mai wani launi don kada ya ɓace miki, ki ci gaba da sauran yadda kika saba. A zagaye na biyu, da kin iso kansa, ki tsallake dogo na ɗaya da na biyu, ki sa gajere a na uku. Ki tsallake na huɗu, ki zuba dogo biyar a na biyar, wato tsakiya. Ki tsallake na shida, ki sa gajere a na bakwai. Na takwas da na tara ki bar su, ki wuce ki zuba maficinki a gajeren da ke gaba kamar kullum. Kin ga wurin da a da gajere ɗaya ne kaɗai ke zama, yanzu gajere ne, mafici, gajere. An samu ƙaruwa, kuma zanen bai karye ba, domin a zagaye na uku kowa zai sami mazauninsa kamar dama can da shi aka fara.

Yanzu mu koma kan rigar. Da zare matsakaici da kwarashi mai lamba 4, maficina ɗaya yana kai inci ɗaya da rabi, kusan santimita huɗu a awonku. Naki hannun ya fi nawa tsauri tun muna 'yan mata, saboda haka ki auna naki. A nawa lissafin, 12 sun ba da inci 18, daidai ƙirjin jariri da ɗan sarari. Ki yi zagaye biyu ba ƙari. A na uku ki mai da kowane mafici na uku mai ciki, huɗu ke nan a zagayen. Idan sun haihu kina da 16. Ki sake yin zagaye huɗu ko biyar kina hutawa. Sannan ki mai da kowane na huɗu mai ciki, ki tashi da 20, wato inci 30 a bakin riga. Ga jaririya wannan ya isa ta yi ta harba ƙafa.

Sai dai akwai wata 'yar dabara a nan, ita ce ma na fi so ki riƙe. Kada ki ɗora ƙari na biyu a saitin na farko. Ki gusar da shi ya faɗa tsakaninsu. Ƙarin da aka jera a saiti ɗaya kusurwa yake fitarwa, wanda aka warwatsa kuma shi ke ba da da'ira. Ba laifi ba ne ko wanne, ya danganta da abin da kike nema. Mayafin kafaɗa mai kusurwa uku da gangan ake tara ƙarinsa a tsakiyar baya da gefuna biyu. Bargon jariri da ake farawa daga cibiya, kusurwa huɗu ake zaɓa a yi ta ƙari a kansu har a gama. Amma riga mai kusurwa huɗu a gindi, sai ka ce an sa wa yarinya akwati. Na taɓa yi, shi ya sa nake faɗa miki.

Akwai hanya ta biyu da ta fi sauƙi, kuma malalata irina sun fi son ta. Ba a ƙara yawan mafici, ƙiba ake sa musu gaba ɗaya. Biyar su koma bakwai, gajeren zagaye na gaba ya zauna a kan na huɗu. Kullum mara ake zaɓa, biyar, bakwai, tara, don a sami na tsakiya. Idan kika zuba shida za ki rasa inda gajere zai tsaya, saƙar ta karkace. Amma ki lura, ƙibar nan ba ƙarama ba ce. Ido shida sun koma takwas, 72 sun zama 96 a tashi ɗaya. Kuma idan aka kai tara a kowane ido, ramin yana wangalewa, yatsan jariri ya riƙa maƙalewa. Ni a zagaye biyu ko uku na ƙarshe kawai nake amfani da ita, don bakin riga ya ɗan yi rawa. Idan faɗi kaɗan kike so, ko ƙirga ba sai kin yi ba: ki ajiye kwarashi mai lamba 4 ki ɗauki mai 4.5.

Kin kuma tambayi abin da ake saƙawa a shimfiɗe, ana kaiwa ana komowa, kamar hannun riga. Shi daga gefe ake buɗa shi. Kin san layi ɗaya yana farawa da gajere, na gaba da rabin mafici, wato sarƙa uku da dogo biyu. To a layin rabin, ki cika shi: sarƙa uku da dogo huɗu a farko, dogo biyar a ƙarshe. Idan kin juyo, gajere ya zauna a tsakiyarsa, sannan ki sa sabon rabi a idon da ke can baki. Kowane gefe ya ƙaru da rabi, biyun sun haɗa mafici guda. Ki yi wa gefunan adalci, in ba haka ba hannun rigar zai kalli gabas.

Hula da abin ɗora kwano kuwa, faifai ne malaminsu. Kin tuna Inna idan tana ɗinkin faifai, yadda take ɗora shi a ƙasa lokaci lokaci tana danna shi da tafin hannu? Abin da za ki yi ke nan. Duk zagaye biyu ki shimfiɗa saƙar a kan tire. Idan gefenta ya tashi tana neman zama ƙoƙo, ƙari ya yi kaɗan. Idan ta yi igiyar ruwa, ya yi yawa. Ɗana mai karatun lissafi ya ce dalili shi ne, duk lokacin da da'ira ta ƙaru da tsayin layi ɗaya, kewayenta yana ƙaruwa da ninki shida da 'yar ɗoriya na wannan tsayin. Shi ya sa ake fara da'irar dogo da 12 a riƙa ƙara 12 kowane zagaye, ta gajere kuma da shida. Ido 12 kuwa mafici biyu ne. Ashe abin da Inna ta sani da tafin hannu shi suke biyan kuɗin makaranta a kai. Hula dai faifai ce da aka daina yi wa ƙari: idan saman ya kai faɗin da kike so, ki tsaya, ita da kanta za ta lanƙwaso.

Kada ki yarda da masu cewa guga tana gyara tattara. Zaren ulun nan na kasuwa yawancinsa na roba ne, idan dutsen guga ya taɓa shi narkewa yake yi ko ya saki ya mutu, ba ya dawowa. Abin da ƙirga ta ɓata, warwara ce maganinsa. Ki warware ta biyun har zuwa ƙirji, saman yana da kyau, kada ki taɓa shi. Zaren da kika warware zai yi lanƙwasa, ki naɗe shi sakwa-sakwa ki bar shi ya kwana.

A cikin ƙunshin nan akwai ƙwallon zare huɗu ruwan hoda, na sayo a kasuwar Sabon Gari. Na sa mai shagon ya ciro su daga leda ɗaya, domin bara na sayi biyu, na koma bayan mako uku na ƙaro ɗaya, ya rantse mini launi ɗaya ne, sai da na shanya rigar a rana na ga gindinta ya fi samanta duhu. Ki sani kuma mafici mayen zare ne, ga shi rigar tana faɗi tana ƙara ci. Rabin ƙasa zai cinye fiye da abin da kike zato. Na sa miki da ɗan ƙyallen gwaji da na saƙa jiya bayan Isha'i. Mai cikin na yi shi da jan zare, ɗan da ya haifa da kore, don idan bayanina ya ɗaure miki kai ki juya shi ki ƙirga da idonki. Yaron maƙwabtanmu da zai tafi Damagaram zai ba direban Agadas, na rubuta lambar maigidan a bayan ƙunshin.

Idan kin kai 16, ki shimfiɗa rigar a kan tabarma ki ɗauko mini hoto daga sama, ba a rataye ba, don a rataye kowace riga kyau take yi. Kada ki wuce zuwa 20 sai na gani.

Ki gaishe mini da maigidan da kyau, da Hajiya, da mai cikin, ki ce ta riƙa ɗan tattaki da yamma. Auta tana gaishe ki, ta ce cukun da kika yi mata alkawari tun Babbar Sallah har yanzu tana zuba ido. Ni kuma dabino ya ishe ni. Idan an sauka lafiya, ko tsakar dare ne ki kira, wayata a gefen matashi take kwana.

Wassalam.

Taki har kullum,
Aminiyarki ta Kano.