Godiya ga Ma'aikatan Gidan Tarihin Kayan Wasa na Nuremberg

Assalamu alaikum.

Na rubuto wannan wasiƙa a fili ne domin in gode wa ma'aikatan gidan adana kayan wasan yara na birnin Nuremberg a Jamus, wanda ke kan titin Karlstraße. Alherin da aka yi wa mutum a ɓoye ya cancanci a faɗe shi a bainar jama'a.

A watan Satumba na shiga Trempelmarkt, kasuwar tsofaffin kayan da ake ci sau biyu a shekara a tsakiyar gari. A kan wani tebur, tsakanin tsofaffin agogo da faranti, idona ya faɗa kan wani ɗan injin tururi na wasa. Tsayinsa bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba. Yana da tukunyar tagulla a kwance, da dogon bututun hayaƙi, da ƙafar ƙarfe mai juyawa, har da ɗan usur a sama. Na tsaya cak. Marigayi mahaifina a loko, wurin gyaran injinan jirgin ƙasa, ya yi aiki a Zariya, kuma tun ina ƙarami yake zana mini a ƙasa da tsinke yadda wuta ke dafa ruwa, tururi ya tura sanda, sanda ta juya ƙafa. Ga abin nan duka a tafin hannuna. Ban ko yi ciniki sosai ba na biya.

Mai sayarwa ya ce mini ƙirar kamfanin Bing ne. Da na isa gida na juya shi ta ko'ina, ban ga tambari ba. Abin da ya rage kawai wasu haruffa ne a gindi, D.R.G.M., sai tsatsa da baƙin hayaƙi. Na ɗauki hotuna na aika muku, ban sa rai da amsa ba, don a ganina gidan da ke riƙe da dubban kaya ba zai kula da gwangwanin wani baƙo ba.

Kun amsa. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ku yi garajen ba ni suna ba. Ma'aikaciyar da ta rubuto ta fara da gaya mini cewa haruffan nan ba sunan maƙeri ba ne, alamar rajistar ƙira ce da aka soma amfani da ita a Jamus a 1891, kuma kamfanoni da yawa sun buga ta. Ta ce kusan duk wanda ya tsinci irin wannan inji sai ya kira shi Bing, tun da kamfanin 'yan'uwan nan biyu, Ignaz da Adolf, shi ne gagarau a zamaninsa kafin ya durƙushe a 1932. Amma garin cike yake da maƙera a lokacin: akwai Ernst Plank tun 1866, akwai Schoenner, akwai Falk, akwai Bafaranshen nan Georges Carette da yaƙin duniya na farko ya raba shi da masana'antarsa a 1917. Wasunsu suna ƙera wa manyan kantunan Ingila da Amurka kaya ba tare da sun sa sunansu ba, wani lokaci ma tambarin fenti ne kawai, zafin wuta ya cinye shi.

Sai ta koya mini yadda ake kallo. In ƙirga sandunan cikin ƙafar, in duba siffar bakin bututu, da ƙofar murhu, da zanen tubali da aka matsa a jikin kwanon, da yadda aka ɗaure tukunya. Ta ce in sake ɗaukar hoton ƙofar murhun da fitila a gefe, kada in haska ta gaba da gaba, kuma ta gargaɗe ni kada in kusance ta da sanfefa. Na yi yadda ta ce da daddare a kan teburin kicin, ɗana yana riƙe da tocila. Da hasken ya kwanta a karkace, sai ga inuwar haruffa biyu sarƙe da juna sun fito daga ƙarƙashin baƙin: D da C. Yaron ne ma ya fara gani, ya yi ihu.

Ashe ƙirar kamfanin Doll ce. Da na je wurinku da kaina, aka buɗe mini kwafin tsohon kundin kayan kamfanin, aka ajiye hotona kusa da zanen, komai ya yi daidai har zuwa usur. Aka ce mini ƙirar tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu ce, kuma aka tsaya a nan, ba a ƙirƙiro mini shekara don a faranta mini ba. Wannan gaskiyar ta ƙara muku daraja a idona.

Ba ku kuma ɓoye mini ɓangaren da ke da ɗaci ba. Peter Doll da Isaak Sondheim ne suka kafa kamfanin a 1898, kuma a 1938, zamanin 'yan Nazi, Yahudawan da ke riƙe da shi suka rasa shi, ya koma hannun kamfanin Fleischmann. Na fito daga gidan jikina a sanyaye. Abin da na saya don tunawa da mahaifina ashe yana ɗauke da labarin wasu iyalan da aka raba da guminsu.

Na bi shawararku ta ƙarshe: ban kunna masa fitilar sifirit ba, sai mai gyara ya gwada tukunyar da bawul ɗin da ke sakin tururi. Yanzu yana can wurinsa, ya ce in dawo bayan mako uku. Ranar da zai fara huci, zan ɗauki bidiyo in aiko muku, in kuma aika wa 'yan'uwana a Tudun Wada.

Na gode, na gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri.

Naku,
Wani ɗan Zariya mazaunin Fürth, kusa da Nuremberg