Maganar sayar da asibitinku

Assalamu alaikum mutumina,

Ya aiki, ya iyali, ya sanyin wajen naku? Da fatan kowa lafiya. Saƙonka ya iso, wai wani babban kamfani na zawarcin asibitinku kuma kai kana cikin kwamitin amintattu, shine kake neman shawarata. Toh ni dai ba lauya bane, amma abinda na sani zan faɗa maka.

Da farko kar ka biye wa masu cewa a bar mana kayanmu kawai. Ƙaramin asibiti shi kaɗai a Amurkar nan wahala yake sha, kai ka fi ni sani. Kamfanin inshora ko kallonku baya yi in an zo cinikin farashi, injin siti sikan ya tsufa babu kuɗin canzawa, manhajar bayanan marasa lafiya irin Epic ta fi ƙarfin aljihunku, likitan zuciya kuwa sai dai ku ji labarinsa. Babban kamfani zai iya kawo duk wannan, ba musu.

Inda gizo ke saƙar shine takardar yarjejeniya. Zasu ce muku kwamitinku na nan daram, kuma gaskiya ne yana nan, zaku ci gaba da zama ana kawo muku takardu kuna gyaɗa kai, amma dan Allah ka nemo shafin da aka jera ikon da uwar kamfani ta riƙe wa kanta ka karanta shi da kyau. Wa ke amincewa da kasafin kuɗi? Wa ke naɗa shugaban asibitin, wa ke korarsa? In wani a hedkwata ya duba lissafi yace ɗakin haihuwa baya kawo riba a rufe shi, kuna da ikon cewa a'a, ko wasiƙar sanarwa kawai za a turo muku? Shi can lamba yake gani a kwamfuta, ku kuma ku zaku haɗu da mijin matar da aka yi tafiyar awa guda da ita a mota tana naƙuda.

Ka duba abinda ya faru a Asheville ta jihar Karolina ta Arewa. A 2019 HCA, wani babban kamfanin asibitoci, ta sayi asibitocin Mission Health na yankin kan dala biliyan 1.5, aka rubuta cewa ba za a rufe wasu sassa ba har shekara goma, aka sa mai sa ido na daban, kuɗin cinikin kuma aka kafa gidauniyar Dogwood Health Trust da shi. Duk da haka a Disamban 2023 babban lauyan jihar na lokacin, Josh Stein, ya maka HCA a kotu bisa zargin sun bar sashen gaggawa da na ciwon daji sun taɓarɓare. Kaga da ba a rubuta ba ai babu ma abin kai ƙara. Kuma "ba zamu rufe ba" kaɗai bata isa ba, ana iya barin ƙofa a buɗe a kwashe nas-nas ɗin, shi yasa nace ku sa adadin ma'aikata da irin aikin da dole a riƙa yi.

Sai maganar fili da gini, wannan kam wallahi kar ku yi wasa da ita. Steward, wata ƙungiyar asibitoci wadda ta samo asali lokacin da kamfanin zuba jari na Cerberus ya sayi asibitocin Caritas Christi na Masachuset a 2010, ta sayar da filayen asibitocin ga kamfanin harkar filaye da gine-gine na Medical Properties Trust a 2016, asibitocin suka koma biyan haya, kamar mutum ya sayar da gidansa ya dawo ɗan haya a ciki. A Mayun 2024 Steward ta durƙushe da bashi, ƙarshen Agusta aka rufe asibitocinta biyu, Carney na Boston da Nashoba Valley. Ku sa sharaɗi ba a sayar da fili sai da yardarku, kuma in zasu fita ku za a fara yi wa tayi.

Ku ɗauki lauyanku na kanku, kar ku dogara da nasu, kuma in suka fara cewa lokaci na ƙurewa a sa hannu kar ku bari su hanzarta ku. Ka samu nas ko biyu a wani asibitin da suka riga suka saya ka ji ta bakinsu, ba manaja ba. In dokar kwamitinku ta yarda ka karanto min wancan shafin a waya mu tattauna.

Ka gaida madam da yara.

Naka,
abokinka