Manyan haruffa sun manta da ƙugiyarmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shekara 14 ke nan ina buga riguna da allunan talla a Asawase, nan Kumasi. Yawancin cinikina na 'yan ƙwallo ne da masu shagon waya, kuma buƙatarsu ɗaya ce: haruffa masu kauri, waɗanda mai zaune can ƙarshen filin wasa na Baba Yara zai karanta ba tare da ya runtse ido ba. Suna da gaskiya. Sunan Nike da ke ƙirjin riguna daga salon haruffa na Futura aka fitar da shi, wanda Paul Renner ya zana a Jamus a 1927. Impact, da muke tsinta a kusan kowace kwamfuta, Geoffrey Lee ne ya yi shi a Ingila a 1965. Ina son su, da su nake ci da iyalina.

Amma masu zana su ba su san da ƙ, ɗ da ɓ ba.

Sallar da ta wuce samarin wata unguwa suka kawo min jesi 22 na gasar ƙwallo, a rubuta MU NE 'YAN ƘASA a baya. Na buga Ƙ, sai wani ɗan akwati ya fito a gurbinta. Yaron shagona ya goge, ya sa K, ya tura injin yanka ban gani ba. Suka shiga fili da 'YAN KASA a gadon bayansu, aka yi ta yi musu ihu cewa tun kafin a busa usur sun kasa. Ni na biya kuɗin rigunan. Tun daga ranar, da hannu nake zana ƙugiyar harafi ɗaya-ɗaya, in daidaita kaurinta da na sauran, abin da kan ci min rabin yini.

Maƙwabtanmu masu yaren Twi ma suna fama, har sun saba sa 3 a madadin ɛ. Namu ya fi ban tsoro, don yaran zango da yawa tuni ba sa bambanta kare da ƙare a bakinsu. Idan allon shago da rigar ƙwallo ma sun daina nuna musu, ina za su gani?

Maganin ba shi da nisa. Haruffan nan suna cikin Unicode, wato tsarin da kwamfutoci ke gane haruffan harsunan duniya da shi, kuma salon Noto na Google yana da su har a mafi kaurinsa, kyauta, ga lasisin da ya yarda a gyara. Sai dai ba shi da zafin nama irin na rubutun wasanni. Ga jami'ar KNUST a garin nan tana yaye masu zane kowace shekara. Ina roƙon ku gayyato malamansu ku tambaye su, wa zai zana mana salo mai kauri da ke ɗauke da Hausa da Twi tare? Ku ma, don Allah, ku duba manyan kanun labaranku, nan ne ƙugiya ta fi ɓacewa. Ranar da aka zana, ni zan fara saye, kuma zan sake buga wa samarin nan jesinsu kyauta.

Naku,
Mai buga riguna, Asawase, Kumasi