Sanarwa ga masu aikin wuta: a kula da tasta

Assalamu alaikum ƴan uwa, musamman sababbin zuwa Jidda da Makka.

Kafin ka taɓa waya, fara gwada tastarka, wato abin duba ko waya na da wuta, a soket ɗin da ka san akwai wuta. In ta kama, sai ka gwada wayar, sannan ka sake komawa soket ɗin, domin tasta na iya mutuwa a aljihu ba ka sani ba.

Ita mai kamar sukundireba, ta jikinka wutar ke bi ta sauka ƙasa, shi ya sa ake ɗora yatsa a ƙarfen bayanta. In kana bisa tsanin katako, ko cikin ranar nan ta Saudiyya, ɗan haskenta da ƙyar ake gani, sai ka zaci babu wuta. Kare ta da inuwa ka duba da kyau. Wadda ta tsage ko ruwa ya shiga, a yar da ita, kuma a goge gumin hannu.

Tsofaffin gidaje nan akwai masu wuta mai ƙarfin volt 127 da 220 haɗe. Tasta ba ta bambance su, sai mitar auna ƙarfin wuta.

Masu gyaran AC, kafasita, wato abin da ke tara wuta a cikin AC, na riƙe caji ko an kashe bireka.

Allah ya tsare.