Sanarwa kan lokacin tashin motoci

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Daga Litinin mai zuwa za mu riƙa sanya labarin motocin Kano da Dutse a nan, don kowa ya duba wayarsa kafin ya fito. Kun dai san motocinmu sai sun cika suke tashi. To duk wanda ya riga isa tasha ya sanar: wace mota ke lodi, saura mutum nawa, nawa ne kuɗin mota. Saƙon murya ma ya wadatar. Ranar Alhamis, kasuwar Maigatari, a sanar tun bayan sallar asuba.

Iyayenmu marasa babbar waya kuwa, don Allah a kira su a faɗa musu.

Allah Ya kiyaye hanya. Na gode.