Mujiyoyin Zariya ba iri ɗaya ba ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan mujiya, domin tun shigowar kaka maƙwabta a Ƙofar Gayan ke kawo ƙarar wani abu mai huci a cikin silin da dare, har wasu sun fara neman mai ruƙiyya. Kowa ka tambaya sai ya ce "mujiya ce", shi ke nan, alhali bayanin da suke bayarwa na tsuntsaye daban-daban ne.

Mai hucin nan ita ce farar mujiya, mai faffaɗar farar fuska da baƙaƙen idanu. Tana son silin, tsofaffin soraye da ɗakunan ajiyar hatsi. Kukanta tsawa ce mai kaifi, 'ya'yanta kuwa idan suna jiran abinci sai su riƙa huci kamar mai minshari. In kana shakka, duba ƙasan inda take kwana. Za ka ga wasu baƙaƙen dunƙule da ta amayar; fasa ɗaya da tsinke, gashin ɓera ne da 'yan ƙasusuwa, wani lokaci har da ƙoƙon kan jaba. Da kunne take farauta ko a duhun da ba a ganin tafin hannu. Manomin da ya jefe ta, a ganina, ɓerayen rumbunsa ya yi wa aiki.

Wadda yara ke gani da rana tsaka a kan darbejiya ko tsamiya, ƙananan tsuntsaye sun taru suna mata ihu, wata ce dabam. Ƙarama ce, ba ta wuce santimita 20 ba, idonta rawaya, kuma a ƙeyarta akwai baƙaƙen tabo biyu da ke sa ka zaci kai take kallo bayan ta juya baya. Fito take yi, yana hawa sama a hankali. Akwai kuma wata 'yar mitsitsiya da ke sajewa da ɓawon itace, da ƙyar ake ganinta. Sai dai ka ji "prrr" ɗaya, ta yi shiru 'yan daƙiƙoƙi, ta sake. Ƙwari ne yawancin abincinta.

Direbobi masu bin wajen Kufena da dare kan ce sun ga wata babba zaune a kan hanya. Mai ruwan toka ce, da tukkaye biyu a ka, idonta duhu, tana son duwatsu.

Roƙona, Edita, idan masu karatu suka aiko muku da labarin mujiya, a tambaye su ƙarfe nawa suka gan ta, a ina, yaya kukanta, kuma wane launi ne idonta. Masu hoto a waya su haɗo da shi, in ya so wakilinku ya nuna wa malaman sashen nazarin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello kafin a buga.

Naku,
Tsohon malamin firamare,
Ƙofar Gayan, Zariya