Wurin da ake fara awo a jikin jirgin kwaikwayo

Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili in ja hankalin matasanmu masu ƙera samfurin jiragen sama a FlightGear, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama a kwamfuta, da JSBSim, manhajar da ke lissafa motsin jirgin, kan wurin da ake ɗauka a matsayin sifili, wato mafarin awo, a jikin jirgi.

Da yawa suna ɗora sifili a kan cibiyar nauyi, alhali ba ta zama wuri guda. A ƙaramin jirgi Cessna 172S, man da jirgin ke iya ƙonawa galan 53 ne, kusan fam 318, yana inci 48 daga mafarin awo. Kujerun gaba suna inci 37, na baya inci 73. Mai na raguwa, ko fasinja biyu su zauna a baya, cibiyar nauyi ta gusa. Shi ya sa littafin jirgin ya ba ta iyaka, daga inci 35 zuwa inci 47.3. Duk wanda ya auna tayoyi da injin daga wurin da ke yawo haka, lissafinsa zai riƙa rushewa.

A ɗauki wurin da kamfani ya kafa. Cessna ta zaɓi fuskar gaba ta bangon da ya raba injin da mazaunin matuƙi. Piper kuwa, a jirginta PA-28, ta sa nata inci 78.4 kafin a kai gefen gaba na fiffike, domin yawancin awo ya fito ba tare da alamar ragi ba. Ko wanne ya yi, muddin tankuna, tayoyi, idon matuƙi da wurin da ƙarfin iska ke aiki, wanda galibi ake sa shi a rubu'in faɗin fiffike, duk daga nan aka auno su.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne haɗa lissafi da hoton jirgin da ake gani a allon kwamfuta. JSBSim na da wurin da ake kira VRP, wato wurin da ke haɗa lissafin da hoton, kuma dole ya faɗa daidai kan sifilin hoton. In sun saɓa, jirgin kan juya a kan hancinsa lokacin ɗagawa, ko tayoyi su nutse cikin kwalta. A kuma lura: a awon gangar jiki layin awo na X na ƙaruwa zuwa wutsiya, na Z zuwa sama, amma a lissafin motsi X gaba yake kallo, Z ƙasa. Hoton da mita ake auna shi, littafin Cessna da inci, don haka a ninka awon inci da 0.0254 kafin a shigar da shi cikin hoton.

Wassalam.
Mai karatu, daga Zariya